Ƙwayar da Na Daka wa Inna

Shekarar da hawan jini ya matsa wa Inna, ni na dawo gidanmu na Ƙofar Gayan don in yi jinyarta. Likita ya rubuta mata wata ƙwaya mai tauri, guda ɗaya kullum da safe. Tana iya takawa tsakar gida ta yi alwala, amma masai ya yi mata nisa, sai na ajiye mata fo a ɗaki.

Wata safiya ina zubar da fon, na hangi ƙwayar a ciki sukutum, ko ƙwarzane babu. Washegari ma haka. Raina ya ɓaci, na ce ashe kullum haɗiyar banza tsohuwar nan take yi, maganin shiga yake ya fice abinsa. Ban tambayi kowa ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, gani nake babu abin da zai gagare ni. Na wanke ɗan turmin da muke dakan citta, na daka ƙwayar da ƙyar, na dama mata a koko.

"Yau kokon naki da ɗaci," in ji Inna.

"Ki daure, Inna. Yau dai zai shiga jikinki."

Kafin hantsi ya dubi ludayi ta miƙe za ta fito shan iska. Jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan dokin ƙofa, ƙashin ƙugunta ya karye.

A asibiti wata likita ta ja ni gefe ta tambayi yadda nake ba ta magani. Na faɗa mata, har da ɗan alfahari. Sai ta sassauta murya.

"Malama, abin da kika gani ɓawo ne kawai. Ƙwayar tana da ɗan huji. Ruwan hanji ke shiga, maganin yana tsatsowa kaɗan-kaɗan, jini yana ɗauka, daga safiya har wata safiyar. Da kika daka, na yini guda ya shiga mata lokaci ɗaya, shi ne jinin ya sauka."

Ni kaɗai na ji wannan magana, kuma ban kai ta gida ba. Tsoro na ji, da kunya. Yayanmu ya ɗora laifin a kan dokin ƙofa, ya kira magini aka fasa shi, ina tsaye ina kallo.

Inna ba ta sake takawa ba. Shekara biyu ta yi a kwance, bayanta ya yi gyambo, ina juya ta ina wankewa. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata, sai in tambaye ta ko za ta sha ruwa. Har ta rasu ba ta yarda ta karɓi magani a hannun kowa ba. In ƙanwata ta miƙo mata, sai ta kau da kai.

"Bari yayarki ta zo," take cewa. "Ita ta san kan magani."