Baba Jethro, Mai Awon Ƙafar 'Yan Keke

Ranar Alhamis, 14 ga watan Yuni, 2001, ina cikin ba tayar kekena iska aka aiko mini cewa Baba Jethro Kazah, mai gyaran takalma a Kakuri, ya rasu a gidansa da ke Romi bayan jinyar mako biyu. Ni ce Saratu, ɗaya daga cikin 'yan tseren keken da ya yi wa awon ƙafa, kuma da nauyi a zuciyata nake wannan rubutu.

Baba, duk ɗan tseren da ke wannan ƙetaren kogi ya san dokarka: ba ka auna ƙafa da safe. Sai mutum ya tuƙo keke ya zo da yamma, ƙafa ta kumbura, sannan ka shimfiɗa kwali ka ce ya taka, ka zagaye ƙafafun biyu da fensir. Wadda ta fi girma ita ke zaɓen takalmi. Mukan yi maka tsiya mu ce ko likitan ƙashi bai kai ka ƙa'ida ba, kai kuwa ka ci gaba da feƙe fensirinka kamar ba da kai ake ba.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kulob ɗinmu ya sa gasar zaɓen waɗanda za su wakilce shi. Na tsinci takalmin tsere a gwanjo, fari fat, mai taurin ƙasa. Da sassafe na gwada shi a kasuwa, ya zauna mini ɗas. Na kawo maka, ina ta yi wa abokaina yanga, don ka ɗaura masa ƙarfen da ke kama feda. Ka sa na saka, ka danna bakinsa da babban yatsanka, ka ce, "Saratu, 'yata, wannan ba naki ba ne. Yatsu ba su da wurin motsi. Kafin ki kai Kudenda zai cije ki."

Na ce maka hassada ce kawai, don ba ka iya ɗinka irinsa ba. A gaban mutane na faɗa, na kai wa wani ya ɗaura mini. Ranar gasa, ko rabi ba a yi ba yatsuna suka mutu, na sauka a gefen titi ina kuka. Daga baya farce biyu suka fita. Na jingine keken na ce na bar tsere.

Bayan wata guda ka aiko matarka, Mama Rakiya, ta ce in zo da yamma, kuma a kan keke. Ka auna ni, ka fito da wani tsohon baƙin takalmi marar kyan gani, ka cusa katako a na hagun har kwana uku don ya buɗe. Da shi na koma tsere. Ba ka taɓa tayar da waccan magana ba.

Shekara biyu ina zuwa rumfarka, kullum da niyyar in ba ka haƙuri, kullum sai in ɓuge da gaisuwa in tafi. Girman kai ne, ba ni da wani uzuri. Jiya a wurin zaman makoki na durƙusa gaban Mama na faɗa mata komai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Tun ranar ya gaya mini. Cewa ya yi laifinsa ne, da ya sani da ya ja ki gefe, bai kunyata ki a gaban abokanki ba. Shi ma yana ta neman yadda zai ba ki haƙuri."

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa ta har abada. Ya ta'azantar da Mama Rakiya, da 'ya'yanka, da jikokinka, da dukan 'yan keken da ka bari. Ni kuma, Baba, ba ka yi mini laifin komai ba. Ni ce na yi maka, ka yafe mini.