Ranar Da Na Ɗauke Wayata Daga Kan Tabarma

Assalamu alaikum. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata malamar Islamiyya ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini. A shekarun da zan ba ku labarinsu, duk unguwarmu a Daura babu macen da ta kai ni iya labari. Biki ko suna, in ban je ba sai a ce taron bai yi armashi ba. Mata kan kunna wayoyinsu su ɗauki tatsuniyoyina da waƙoƙin niƙa na iyayenmu, su kuma turo mini cikin 'yar wayata mai madannai. In na yi baƙi sai in kunna musu su ji ni. Ina jin daɗin muryata, ba zan ɓoye ba.

Ina da ɗan fari, mai fataucin dabbobi tsakanin Daura da Mashi. Kun san yadda aka raine mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa fara'a a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa, har ina alfahari da ita. Shekara arba'in da wani abu, in zan ambace shi sai in ce yaron nan. In ya shigo gaishe ni sai in amsa ina kallon bango. Shi kuma bai taɓa fushi ba. Yakan zauna a bakin ƙofa ya tsokane ni har in fara labari, yana ta dariya yana jefo tambayoyi. Ashe duk yana ɗauka a babbar wayarsa. Rannan ya dawo daga kasuwa da zazzaɓi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ko a zaman makoki ban bari an ga hawayena ba, mata na ta yaba haƙurina.

Da matarsa ta fita takaba, ranar da 'yan'uwanta za su zo su mai da ita gidansu a Mashi, sai ta shigo ɗakina da hantsi ta durƙusa. Ta ce wayar marigayi ta faɗo a rabon 'ya'yanta, za ta tafi da ita, amma akwai muryarsa a ciki da yawa, har da wata doguwar magana da ya ɗauka yana kwance, ya ce a ba ni. Ta ce ita ba ta saurara ba, don ba tata ba ce. Ta roƙi in kawo wayata ta turo mini ta bulutut, wato yadda waya ke miƙa wa waya abu ta iska. Sai na miƙa mata wayar kamar wadda aka tambaya aron ludayi.

Ta ajiye su biyu kan tabarma. Da farko wayoyin suka ƙi ganin juna. Ta kashe ta kunna, ta shiga cikin tawa ta buɗe wani wuri, can sai suka gane juna. Ta tura, ya ƙi shiga. Ta sake, ya sake ƙi. Daga nan ta gano matsalar: katin wayata ya cika maƙil da tatsuniyoyina, babu wurin da sabon abu zai zauna. Ta ce hanya biyu ce, ko in yarda ta goge kaɗan daga ciki, ko mu je wajen mai gyaran waya a kasuwa ya juye komai a kwamfuta ya zuba mini a sabon kati. Na ce ba wanda zai taɓa mini labaraina, kuma ni da girmana ba zan tsaya gaban wani ƙato a kasuwa ya ji ina neman muryar ɗan farina ba. Ba ta yi musu ba, baiwar Allah. Ta samu wasu hotunan biki da suka shigo sau biyu, ta nemi izinina ta goge, ta ce za ta fara gwadawa da ƙarami ɗaya tukuna, sannan doguwar. Ta gargaɗe ni cewa sai wayoyin sun zauna kusa da juna har a gama, in aka raba su abin zai yanke.

Ana cikin haka sai ga ƙawayena biyu sun shigo yi mata sallama. Ɗayarsu, abokiyar wasana tun muna 'yan mata, ta tambayi me muke gadi a kan tabarma haka. Yarinyar ta faɗa mata gaskiya. Sai ta kwashe da dariya ta tafa hannu, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, yau ga uwar kunya ta zauna tana jiran muryar ɗan fari kamar matan zamani. Wasa take yi, na sani. Amma sai na ji kamar an tsiraita ni. Na sa hannu na ɗauke wayata na cusa a lalita, na ce ni dama ban tambaya ba, ita ce ta dame ni, na fice zuwa sashen baya wajen awaki. Yarinyar ta biyo ni da wayar mijinta a hannu tana ce mini Inna, saura kaɗan, doguwar ce ke tafiya, in tsaya ko minti biyar. Na juyo na daka mata tsawa a gaban baƙi, na ce ta tafi da abinta, wani jiƙon a yi. Da la'asar mota ta zo suka tafi.

Na yi ta cewa a raina zan aika a kawo wayar, girman kai yana cewa bari sai an manta. Wata uku ana haka. Da na aika, sai yarinyar ta zo da kanta tana kuka. Wayar ta ɗauke ta ƙi kunnuwa, aka kai wa mai gyara, ya ce ba ta tashi sai an wanke ta, yayanta kuma ya ce a wanke bai san abin da ke ciki ba. Komai ya tafi. Ita ma ba ta taɓa jin doguwar maganar ba, tana ajiye mini da ita.

Muka duba tawa. Abu ɗaya tak ya ƙetaro kafin in ɗauke ta, mafi ƙanƙanta. Gwaji ne ya yi ranar da ya sayi wayar. Yana gyaran murya, ya kira ni Inna, ya tambaya ko ina jin sa, ya yi 'yar dariya, shi ke nan. Tatsuniyoyina kuwa suna nan cike da katin, tun daga ranar ban sake kunna ko ɗaya ba.

Ban ce kunya laifi ba ce, da ita aka san mu. Amma ni tawa ta gauraye da son a yabe ni, har na kasa zaman minti biyar don ɗana. Ku da kuke da muryar wani naku a waya, mai rai ko wanda ya rigaye mu, ku juye ta a wuri biyu tun yau. In ta ƙi shiga ku yi haƙuri, ku goge abin da za a iya sakewa, ku bar wayoyin kusa da juna har a gama, kowa ya yi dariyarsa. Ni kullum bayan na karya sai in kunna ɗan guntun nan. Ya tambaya ko ina jin sa, in kira sunansa in ce ina ji.