Rigar Nutson Hajiya Binta

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba ta watan Oktoba ba, ranar da Hajiya Binta ta shigo shagonmu da riga mai danshi a cikin leda. Ku da kuke koyon awo a hannuna kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na yarda a zaɓa wa mace riga da ido. Dalilin ne zan ba ku.

Ga wanda bai san wurin ba, shagon yana wani lungu kusa da Charing Cross, a nan ƙasar Turawa, kayan nutso muke sayarwa: tukunyar iska, tabarau, takalman iyo, da rigar nutso wadda kowa a nan yake kira wetsuit. Akwai manaja, akwai masu tsayawa a kanta, sai kuma ni a ɗakin baya, mai awo da gyara. A Zariya na koyi ɗinki tun ina budurwa. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, amma na daɗe ina tufatar da masu shiga.

Rigar nutso da wata roba mai laushi ake yin ta, kuma ba ta hana ruwa shiga. Ɗan kaɗan take bari ya shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, shi kuma ya riƙe wa mutum ɗuminsa. Idan ta yi yawa, ruwan ba ya zama. Ya shiga ta wuya, ya fita ta ƙafa, wani sabo mai sanyi ya biyo bayansa. Idan kuma ta matse fiye da kima, numfashi yana wuya. Matan da Allah ya ba jiki su suka fi shan wahala a nan, domin wadda ta shige kwankwaso sai ta bar rami a gadon baya, wadda ta zauna a ƙugu kuma ba ta wuce cinya.

A lokacin ban daɗe da dawowa aiki ba. Ƙanwata Hadiza, wadda muke zaune tare a ɗan gidanmu na unguwar Edmonton, ta rasu a ƙarshen bazarar shekarar, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Ina zuwa aiki ne don zaman gida ya fi ƙarfina. Ina yin abin da aka sa ni, in hau jirgin ƙasa in koma. Ban cika magana ba.

Da hantsi manajarmu ta leƙo ɗakin baya. Baturiya ce mai haƙuri, ba ta taɓa matsa min ba tun da na dawo. Ta ce min akwai wata mata a waje da 'yarta, ta ƙi kowa ya auna ta, kuma ta ji kamar harshena suke yi. Ta ce idan ba zan iya ba in faɗa mata. Na ce zan fito.

Na tarar da mace gajeruwa mai cikar jiki, cikin abaya baƙa da babbar rigar sanyi, tana zaune ta rungume jaka. 'Yarta Safiya tana tsaye a kanta, doguwa, haihuwar nan. Na yi sallama, muka gaisa.

"Daga ina?" in ji Hajiya.

"Zariya."

"Ikon Allah. Na baro Kano na ƙetare teku, ashe hannun baiwata zan faɗo."

"Ai dole," na ce. "Bakano in ya rasa mafita, gidan iyayen gijinsa yake zuwa."

Ta ɗan yi dariya. Ni ma na ji bakina ya motsa, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Safiya ce ta yi bayani, da Turanci, uwar tana sa baki da Hausa. A Abbey Wood suke. Hajiya tana aikin kula da tsofaffi. Safiya ta koyi nutso a jami'a, ta kuma shawo kan uwarta su je Bahar Maliya tare a hutun ƙarshen shekara, har an yi booking, an kama jirgi da masauki. Amma ba a barin mutum ya nutsa can sai da takardar shaida, takardar kuwa ba ta samuwa sai an ci jarrabawa a buɗaɗɗen ruwa. Hajiya ta gama darussan cikin gini, inda ruwan yake da ɗumi. Asabar ɗin da ta wuce aka kai su wani tafki a wajen gari, tsohon ramin haƙar dutse. Ba ta daɗe a ciki ba ta fara karkarwa har ta kasa riƙe abin shaƙar iska a bakinta, malamin ya fito da ita. Ya ce zai sake gwada ta Asabar mai zuwa, daga nan ya rufe sai bazara.

Na zazzage ledar a kan tebur. Rigar maza ce, babba ƙwarai, ta intanet ta saya. Hannun ya yi tsawon da za a naɗe shi sau biyu.

"Wa ya zaɓa miki wannan?"

"Ni. Ita ce ta shige ni ba tare da ta nuna halittata ba. Ni fa ba yarinya ba ce, da zan tsaya gaban maza a bakin ruwa kamar an zuba ni a kwalba."

Na gane. Duk macen da na taɓa yi wa ɗinki a gida, kalmarta ta ƙarshe ita ce a sake mata. Tela yana awo a kan zani da riga, ya ƙara, ita ma ta ce ya ƙara. Haka muka tashi, kuma a doron ƙasa babu laifi a ciki. A cikin ruwa ne kawai yake cutarwa.

Na ce ta biyo ni bayan labule. Safiya ta taso, uwar ta ɗaga mata hannu, ta koma ta zauna.

Da na ja labulen, Hajiya ta matso kusa da ni ta rage murya, domin yarinyar tana jin Hausa ko da ba ta mayarwa.

"'Yar uwa, taimako ɗaya nake so. Ki ɗan jima a nan, ki fita ki ce mata babu size ɗina. In ke kika faɗa za ta yarda. Na gaji. Ba na so in ce mata na fasa da bakina."

Gaskiya ni ma a gajiye nake, kuma abin da ta nema ya fi sauƙi a kan abin da ke gabana. Amma na ce mata: "Hajiya, ba zan faɗi abin da ban auna ba. Bari in sa tef. Idan babu, ni da kaina zan gaya mata, ba sai kin roƙe ni ba."

"A kan abayar?"

"A'a."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta fara cirewa, ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa a kan kujera. Da ta zo kan ta ƙarshe sai ta juya min baya, ta zaro wani abu mai taushi daga rigar mama ta ajiye a kan kayan, ta juyo.

An cire mata maman hagu. Tabon ya tafi a kwance har ƙarƙashin hammata, ya warke ya yi duhu.

Na san wannan tabo. Na wanke irinsa, na shafa masa mai, na yi masa ɗinki. A gefen hagu ne na Hadiza ma. Tef ɗin yana hannuna, na kasa ɗaga shi.

"Kin tsorata?" ta tambaya.

"A'a. Ƙanwata ce ta yi irinsa."

"Ya jikin nata?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin."

Ta ɗaga hannuwanta da kanta, na zagaya tef.

Ga yadda ake yi, ku riƙe. Ana auna ƙirji a inda ya fi cika, sannan ƙarƙashinsa. Ana auna ƙugu a inda ya fi shiga, kwankwaso a inda ya fi faɗi, sai cinya, sai dantse. Wanda ake yawan mantawa shi ne tsawon gangar jiki, daga gindin wuya zuwa tsakanin ƙafafu, kuma shi yake sa riga ta ja kafaɗa ko ta yi lema a ƙasa. Ba a ƙara komai a kan abin da tef ya ce. Ina awon tana ba ni labari a hankali. Lokacin da ake ƙara mata maganin nan mai zubar da gashi, Safiya ce take zama da ita a asibiti, tana nuna mata hotunan ƙarƙashin teku a waya don ta manta da amai. A nan Hajiya ta yi wa Safiya alkawarin za su shiga tekun tare. Likitanta ya ba ta izini. A tafkin kuwa cire abin cikon ta yi, don tana tsoron ya zame a gaban mutane, sai gefen hagu ya zama kamar buta, ruwan sanyi ya taru daidai kan tabon.

"Kamar an ɗora min ƙanƙara a zuciya," in ji ta.

Na fita na ɗauko rigunan mata masu kauri, irin na ruwan ƙasar nan, na zaɓa da awon kwankwaso da tsawon jiki, domin su ne ba a iya gyarawa da sauƙi. Na sa mata leda a ƙafa don ta zame cikin robar. Muka yi ta ja, tana nishi tana zagin Zagezagi da duk abin da suka ƙirƙiro. Ta farko ta tsaya a cinya. Ta biyu ta hau, zif ya rufe. Na sa ta tsuguna, ta miƙe, ta ɗaga hannu, ta ja dogon numfashi. Na damƙi bayan, robar ta cika min hannu. Wuyan ya zauna. Hagun ƙirji ya lotsa. Dantsen hagu kuma, wanda yake ɗan kumbura mata tun bayan aikin, ya matse fiye da yadda nake so.

"Akwai size ɗinki," na ce. "Sai dai yana buƙatar almakashi."

Ta kalli kanta a madubi ta kau da kai.

"A haka zan fita? Gara sanyin."

"Ba a haka ba. Akwai doguwar riga mara nauyi da ake ɗorawa a sama, har gwiwa, ba ta shan ruwa. A bakin tafki kuma akwai babbar alkyabbar canza kaya. Ta ciki aikinta ɗumi, ta waje aikinta sutura. Ke kika haɗa wa riga ɗaya aiki biyu."

Ta shafa robar a cikinta.

"To yanzu me zan ce wa Safiya?" na tambaye ta.

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ki ce mata ta shigo ta ga uwarta ta zama kifi."

Ƙa'idar shagonmu ita ce gyara yana bin layi, kuma rigar da aka yanka ba a mayar da ita. Na je wurin manaja na ce ina so in tsallake layi, ban faɗa mata dalilin da ba nawa ba ne in faɗa. Ta dubi fuskata ta ce in yi, za ta kira sauran masu jira. Na rage bayan da ɗinki biyu, na gajarta ƙafafu, na buɗe dantsen na sa masa ƙari, sannan na yanka roba mai laushi na cike gefen hagu daga ciki, na manne da gam, na bi da ɗinkin da ba ya huda roba gaba ɗaya. Yadda na san girman cikon ba a shago na koya ba. Ranar Juma'a Safiya ta zo ta karɓa.

Litinin da safe manaja ta miƙo min wayar shago. Hajiya ce.

"Baiwata, na ci. Fuskata ce kawai ta ji sanyi. Tafkin naku kuwa ba komai a ciki sai laka da wata tsohuwar mota."

Na ce mata barka. Na ajiye wayar na koma kan keken ɗinki, ban iya taka shi ba sai da na jima.

Sun je Bahar Maliya sun dawo. Ban sake ganinta ba sai da shekara ta zagayo, ta shigo ita kaɗai da leda a hannu. Gabana ya faɗi, domin na san abin da yake dawo da mai irin ciwonta wurin tela. Duk tsawon jinyar Hadiza aikina ke nan, kowane wata in rage mata riguna, har ya zama babu sauran abin ragewa.

Hajiya ta zazzage rigar a tebur.

"Ta ƙi rufuwa," in ji ta. "Tuwo ya karɓe ni. Kar ki gaya wa Safiya."

Na sa tef, na sake sawa don in tabbatar. Ta ƙaru a ƙugu, ta ƙaru a cinya. Na ɗauko sabuwar roba na fara yanka ƙari, ina juya mata baya don kada ta ga idona.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke tasowa. Macen da ta ce muku babu size ɗinta, ko ta nemi wadda ta fi ta girma, sau da yawa akwai abin da take rufewa, kuma ba hurumin ku ba ne ku tambaya. Ku ja labule, ku rage murya, ku auna abin da yake nan, kada ku ƙara kuma kada ku rage. Ina nan ina wannan aiki, gwiwoyina sun gaji, idona ma ya fara. Ragewa ita ce mafi yawan abin da ake kawo min. Amma guntun robar da ya saura daga ƙarin Hajiya Binta yana cikin aljihun kekena har yau, ban yar ba.