Bakwainin 'Yata da Goyon Ƙirji

Shekarun baya, ina aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Zuru, aka zo da sabon tsari na bakwaini. Wai a ɗora jariri a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane, kada ya sauka. An kai ma'aikata horo, an manna takarda a bango. Daga nan shiru. Lokacin nake zuwa yaƙi da jahilci, da takardar nan na koyi haɗa baƙi, layi ɗaya sai na yi zufa.

Sai 'yata ta haifi bakwaini a Dabai, kusa da Zuru, aka kawo su asibitinmu. Yarinya kamar ɗan tsako, ƙafafu sanyi ƙalau. Asibitinmu ba kwalbar saka jarirai. Malamar jinya ta nuna mana ɗaurin, ta ce, "Mama, gaskiya ba ya ɗorewa. Masu jego suna isa gida suke kwance ɗaurin."

A gida na ga dalili. Mai jego za ta yi wanka safe da yamma, za ta zaga, za ta gaji. Duk lokacin sai a ajiye yarinya gefen garwashi. Uwar mijin 'yata kuma ta ce, "Mu goyon baya muka sani. Wannan ai tsiraici ne gaban 'yan barka."

Na ce, "Yaya, su kau da kai. In ta mutu, su ne za su fara cin tuwon makoki."

Na tuɓe riga na karɓi jikata. Na raba mana lokaci: uwar, ni, sai uban, soja ne ya zo hutu. Ya ce abokansa za su yi masa dariya. Na ce, "Shekara nawa kana rungumar bindiga, 'yarka ce abin kunya?" Ya cire riga. Sati na uku uwarsa ta ce a ba ta, wai ban iya ɗauri ba.

Na koma na ce wa malamar su daina koya wa uwa ita kaɗai. Ta harare ni, mai shara da ba da shawara. Amma yau ba a sallamar mai bakwaini sai ta kawo wanda zai riƙa karɓar mata goyon an koya masa.

Jikata tana aji huɗu yanzu. Har gobe raina yana ɓaci in aka ce mutanenmu ba sa karɓar sabon abu. Ba ƙi muke yi ba. Ba wanda ya tambayi mai jego wa zai riƙe mata yaro in za ta shiga wanka.