Shinkafar Tara a ƙofar Tejman

Ranar Talata, biyar ga watan Magh na kalandarmu ta Nepal, mijina Hirakaji Shakya ya rasu a gidanmu na Patan. Washegari aka ƙona gawarsa a bakin kogin Bagmati.

Uban Sushila, ka tafi da tarin naka. Tun ina amarya nake gaya maka hayaƙin zaiba zai ci ka. Sai ka cusa ɗanyen naman ɓauna a kunci kamar yadda kakanninka ke yi, ka duƙufa kan wuta kana shafa wa tagulla zinariya, wai naman zai tsotse dafin. Naman dai ya ci amanarka: haƙoranka suka zube, hannunka ya kama rawa, har shayi sai na riƙe maka.

Amma ba ka taɓa ganin abin bautar wata unguwa ya dushe ka wuce ba. Sai ka ce, "Ku kawo shi, tsirara yake."

Tara, abar bautarmu ta tsakar gida, wadda ba ta fi kamu ɗaya ba, kai ka sake yi mata rigar zinariya shekarar da na haifi Sushila. Kishiyata nake ce mata, don ka fi kallonta. Kullum da safe ina kai mata shinkafa, in shafa mata jan gari a goshi. Wata safiya na tarar da gurbinta wayam, an sace ta.

Bara Sushila ta aiko da hoto daga gidan kayan tarihi na ƙasar da take aure. Ga Tara a akwatin gilashi, an goge mata goshi tas, ba mai ba ta ko ƙwayar shinkafa. Ka daɗe kana kallo, ka ce, "Yunwa take ji." Ba ka ƙara cin abin kirki ba.

Kowa ya san wanda ya kai baƙo ya gan ta, ya kuma ɗora wa gidansa bene a daminar da ta ɓace. Tejman mai shagon tsofaffin kayan tarihi ne, maƙwabcinmu. Har ya zo gaisuwar rasuwarka yana matsar ido, wai, "Yaya, sai haƙuri." Na ce, "Ƙanena, rage hawayen, za su yi maka amfani gaba."

Kai mai yafiya ne, ni kuwa ka san hali. Da an gama zaman makoki zan ɗauki farantina kowace safiya, in zuba shinkafar Tara a ƙofar Tejman, in shafa wa dokin ƙofarsa jan gari, matan unguwa na kallo. Shi ya san hanyar da ta bi, sai ya kai mata. Ba zan fasa ba sai ta dawo gurbinta, ko a fito da ɗayanmu zuwa Bagmati.

Tara mai jinƙai ta karɓe ka, ta ba ka haihuwa mai kyau inda babu hayaƙi. Sushila, da ku 'yan'uwan mijina da abokan sana'arsa, ina yi mana ta'aziyya. Ku yi kuka, ni ina da shinkafar tsincewa.