Baba a Gefen Hoton Gona

Shekarar da jan-baki suka sauka a fadamarmu ta wajen Miga, ina ƙaramin malamin gona a Dutse. Jihar sabuwa ce, ofishinmu gidan haya ne, mu uku a tebur ɗaya. Jan-baki tsuntsaye ne 'yan mitsi-mitsi, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma idan suka taso tare sai ka ɗauka hadari ne. Dawa ta fitar da kai, ƙwayar ba ta yi tauri ba, daidai yadda suke sonta. Gonar mahaifina tana bakin fadamar, kuma ita ce tuwon gidanmu har shekara ta zagayo.

Baba ya ba direban bas saƙo ya kawo mini: "Ka gaya wa malamin gona, in bokonsa bai iya korar tsuntsu ba, ya zo ya karɓi gwangwani ya taya mu kaɗawa."

Na kai kuka wurin shugaban sashenmu. Ya ce jirgin feshi ɗaya ne, kuma ba garin da ba ya kukan tsuntsu. Takarda ba za ta tayar da jirgi ba, sai in kawo abin da ido zai gani.

Mai ɗaukar hoton ofishinmu wata Kirista ce 'yar wajen Filato, kowa Madam yake ce mata. Ƙafarta na ciwo a lokacin, ba za ta iya hanyar Miga a kan babur ba, sai ta yarda ta ara mini kyamararta. Ta shimfiɗa ɗankwali a kan tebur ta jera gilasai uku, irin waɗanda ake murɗawa a gaban kyamara a cire. Ɗaya dogo mai nauyi, ta ce shi ke jawo abin da ke nesa, na tsuntsu ne da dabbar dawa. Ɗaya matsakaici, na ƙananan abubuwa, da shi take ɗaukar tsutsa a kan ganye har ka ga gashin jikinta. Na ukun ɗan gajere ne kamar murfin kwalbar man shafawa, ta ce shi ba ya kawo komai kusa, faɗi yake kwasowa.

Ban bari ta gama ba na cafke dogon. Tsuntsu zan ɗauka, ga kuma gilashin tsuntsu. Gaskiyar magana ma, na riga na hango kaina ina sauka a ƙauye da wannan zungureren abu a wuya.

"Malam, tafi da ƙaramin nan ma," in ji ta.

"Madam, me wannan ɗan abin zai yi mini?"

"Bai fi goro nauyi ba. Sa shi a aljihu, ba zai cije ka ba."

Don kunya na karɓa.

Na isa gona bayan la'asar. Baba na tsaye a kan tudu yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, muryarsa ta dushe saboda ihu. Mutum ne da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Ba ya yi wa kowa wa'azi a kai, shi dai ya ce ba ya so, kuma tun ina yaro na san ba a maimaita masa. Da ya ga abin da ke wuyana sai ya ce, "Bindiga ka kawo mana?"

Dogon gilashi yana da hali. Numfashi kaɗan ka yi sai duk abin da kake kallo ya kama rawa. Tsuntsayen da ke sama kuwa kafin in same su sun wuce. Sai na ɗora shi a kan sirdin babur, na koma bin waɗanda suka sauka a kan zangarniya. Kai, abin ya yi kyau! Ina ganin jan bakin nan, ina ganin ɗigon ido, ina ganin yadda suke ɓare ƙwaya. Na manta da abin da ya kawo ni, na yi ta dannawa har fim ya rage saura hoto ɗaya.

Nan Baba ya matso. "Malamin gona, abin nan naka zai iya ɗaukar gonar gaba ɗaya?"

Na ce zai iya.

"To ɗauke ta. In sun cinye, a samu abin nuna wa na baya cewa ta taɓa yin kyau."

Ban taɓa jin ya yi magana kamar wanda ya sallama ba sai ranar, kuma ta soke ni. Na leƙa ta dogon gilashi, zangarniya huɗu kawai nake gani. Dole na cire shi na lalubo ɗan gajeren daga aljihu. Baba ya ja gefe can, inda yake ganin ya fita daga hanya, ya ci gaba da jan igiyarsa. Na danna sau ɗaya, fim ya ƙare.

A Kano ake wanke fim mai launi a lokacin, sai bayan kwana biyu hotunan suka dawo. Na baje su gaban shugabanmu ina jiran yabo. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga wani.

"Masha Allah, tsuntsu uku. Nan kuma biyu. A kan tsuntsu uku kake so a tayar da jirgi? Waɗannan a kalanda ya kamata a sa su."

Madam ta jawo tarin hotunan tana bi ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ƙarshe, ta ajiye masa a gaba. Ga gonar Baba daga wannan iyaka zuwa waccan, ga fadama, ga doguwar ciyawar kacalla da tsuntsayen ke kwana a ciki. Sama kuwa rabinta baƙi ƙirin da tsuntsaye. Ni da na tsaya a wurin ban ga yawansu haka ba, don idona yana cikin bututu. Shugaban ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hoton a ambulan ya ce a kira direba.

Jirgi ya zo kafin mako ya cika. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dawar ya tafi, sauran ya shiga rumbu, mun ci tuwo har wata damina. Na je yi wa Madam godiya ina ta kame-kame. Ta ce, "Hotunan tsuntsayenka sun yi kyau fa, Malam. Kawai ba su aka tambaye ka ba."

Saura abu ɗaya da ya hana ni sakat. A can gefen hoton, ta hagu, ga Baba. Ɗan gajeren gilashin ya kwaso har inda ya tsaya: hularsa ta karkace, hannu a sama riƙe da igiya, baki buɗe yana ihu. Na kai masa kwafi na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini afuwa, ban san kun shiga ba. In kun ce a yanke gefen, yanzu zan yanke."

Ya riƙe hoton nesa da fuskarsa. "Ashe haka na tsufa," in ji shi. Can ya ce, "Bar shi. Ba ni ka ɗauka ba, gona ka ɗauka. Ni kuma ina za a same ni in ba a gona ba?"

Madam ta koma garinsu a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar. Ranar da ta zo sallama ta damƙa mini ɗan gajeren gilashin a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce dogon ba za ta ba ni ba, na fiye son sa. Ban sake jin labarinta ba, amma har yau ina yi mata fatan alheri. Baba ya rasu bayan tafiyarta da damina biyu.

Jikokinsa da ba su riske shi ba sukan ce in nuna musu kakansu. Sai in ɗauko hoton nan, don duk duniya ba shi da wani. Sukan fara da tsuntsayen, su bi dawar da ido, sai na sa yatsa a gefen hagu na ce, ga shi nan, yana tsare muku tuwo.