Kiyashi a Makewayin Baba

Ni ba mai son kyanwa ba ce, gara in faɗa tun yanzu. A gidanmu na Tirmini in ta shigo, da muciya ake raka ta waje. Amma da aka kawo ni gidan miji a cikin Birnin Damagaram sai na tarar da wata fara mai baƙin tabo a kunne, ta riga ni zama, ta kuma fi ni fada. Ta surukina ce, mahaifin mijina, wanda kowa ke ce wa Baba. Tsoho ne ɗan asalin Barno, dillalin fatu, matarsa ta rasu tun kafin aurena. Mijina kuwa direban kamyo ne, babbar motar kaya, da kakar gyaɗa ta kama sai hanyar Kano ta haɗiye shi. Gida ya rage daga ni sai Baba sai kyanwa.

Tsakanina da Baba akwai kunya irin ta wancan zamanin, wadda yaran yanzu ba za su gane ba. Ba na kama sunansa, ba na kallon idonsa, ba na cin abinci yana gani. Da safe in durƙusa a bayan ƙofar zaure in gaishe shi, ya amsa, magana ta ƙare ke nan. In yana son wani abu, da kyanwar yake magana. Sai in ji ya ce, "Ke, yau ba za a ba mu ruwan wanka ba ne?" Ni kuma daga ciki in tashi in kawo. Shi da ita kusan kwano ɗaya suke. Yana da kan sukari, dunƙulen nan mai zuwa a naɗe cikin shuɗiyar takarda, yana fasa shi da ƴar guduma ya cika shayi, ya cika fura. Abin da ya rage a ƙwarya ya juye mata a kasko.

A shekarar da maza suka cika zaure da gardamar "i" da "a'a", wato ƙuri'ar zama da Faransa, kyanwar ta fara lalacewa. Ci take kamar gara, amma kullum ramewa take, har ana ganin haƙarƙarinta. Sai ruwa. Wanda ya san Damagaram ta lokacin ya san ruwa ba abin wasa ba ne, sai ka yi ta sauraron mai ga-ruwa kafin ka ga tulu ɗaya. Ni kuwa in juya in same ta ta ture faifai ta zura kai cikin randa. Na daka mata tsawa har muryata ta dishe, a banza.

Wata rana ɗan abokin Baba ya zo gaisuwa. Yana aiki a gidan likitan dabbobi, shi ke bin ƙauyuka yana yi wa shanu allura. Ina bayan ƙofa ina jin su. Ya ɗaga ta, ya shafa bayanta, ya tambayi inda take fitsari. Baba ya ce wa kyanwar, "To, a nuna masa mana." Na lulluɓe na fito, na nuna da tsintsiya gindin katangar madafa. Kiyashi ne suka yi dafifi a kan jiƙaƙƙen yashin, layi ya shiga, layi ya fita.

Ya ce, "Baba, ciwon sukari ne. Na taɓa ganinsa a jikin karen wani bature. Fitsarin zaƙi gare shi, shi ya sa kiyashi suke bi."

Baba ya ce, "Maganinsa fa?"

"Na mutane akwai allura a babbar likita, asibitin gari, wajen lokotoro mai duba marasa lafiya. Na kyanwa babu. Sai dai a hana ta fura da tuwo da duk wani zaƙi, a ba ta nama, kada a hana ta ruwa."

"In ba a hana ba?"

"Ƙafafu su saki, wata rana ta kwanta barci ba ta tashi ba. A jikin mutum ma har ido yake ci, kuma miki ba ya warkewa."

Ni ce jinya ta faɗo wa. Ni, ƴar Tirmini, ina tare mai tallan nama a bakin ƙofa ina sayen huhu da tumbi don kyanwa! In dafa ba gishiri, in yayyanka, in hura ya huce. Furar gida na koma rufe ta da faifai in ɗora dutse a kai, ita kuma ta zauna ta zuba mini ido tana kuka, kamar na ci mata gado. Na ware mata kaskon ruwa. Da ta daina iya lasar jikinta, ni ke goge ta da tsumma. Sannu a hankali ta koma kwanciya kusa da ƙafata in ina daka, har na fara jin ba daɗi in ban gan ta ba.

Makewayin Baba yana bayan zaure, nasa ne shi kaɗai, ni ke share shi in ya tafi kasuwa. Wata safiya na shiga da tsintsiya, na sunkuya, sai na ga kiyashi. Layi ɗaya da na gindin katanga, sun taru a bakin rariya. Na ce a raina kyanwar ce ta shiga. Amma ƙofar a rufe na same ta, da sakata. Na zuba toka, na share, na fito. Washegari suna nan, har sun fi na jiya.

Wayyo Allah! Nan na tsaya, abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Butar Baba da nake cikawa ba iyaka. Randar da ke ƙarewa ina zagin kyanwa. Babbar rigarsa da ta koma rataye a kafaɗarsa kamar a jikin ƙusa. Da tsumman da ya ɗaure a babban yatsan ƙafarsa tun damina, wai tuntuɓe ya yi, har yau bai kwance ba. Miki ba ya warkewa, in ji mai allurar shanu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Tsohon nan mutuwa yake yi a gabana, ni kaɗai na sani.

To, in ce me? Da wane baki matar ɗa za ta dubi surukinta ta ce masa na duba fitsarinka? Ko sunan abin ba na iya faɗa a gabansa. Mijina ba ranar dawowarsa. In aika wa maƙwabta kuma, kafin azahar duk unguwa ta ji cewa matar ɗansa tana leƙen makewayinsa. Na gwada dabara, na rage sukarin shayinsa. Ya kurɓa, ya dubi kyanwa ya ce, "Yau an yi mana rowa." Ya jawo gudumarsa ya fasa wani gutsure ya jefa. Na koma madafa na yi kuka don haushi. Daga nan duk safiya in na durƙusa gaisuwa, gabana faɗuwa yake har sai na ji ya amsa. In ya yi gyangyaɗi a tabarma bayan azahar, sai in riƙa sakin kwano da gangan don in ga ya motsa.

Kyanwar ta ɗan farfaɗo da farko, sai kuma ta koma baya. Ƙafafunta na baya suka saki, tana tafiya tana jan su. Na rasa dalili, tun da ko ƙwayar gero ba ta ci daga hannuna. Sai ranar da na ɗaga tabarmar Baba zan kaɗe, na ga ɗan kasko a ɓoye a lungu, yana danƙo. Na shinshina. Zuma ce, daga goran da wani abokinsa ya kawo masa daga Hamdara. Ashe duk wahalar da nake sha, tsohon nan yana bayana yana ɗura mata zaƙi! Na ciji leɓe, na mayar da kaskon inda yake.

Ran nan bayan la'asar ta taso za ta shiga zaure, ta faɗi a bakin ƙofa, ta kasa tashi. Baba ya ɗauke ta ya ɗora a cinya. Ta tsagar ƙofa ina ganinsa ya tsoma yatsa a zuma yana kai mata baki, ita ko lasa ba ta iya yi. Na san ina kallon abin da ke jiransa ne. Na durƙusa a bayan ƙofa. Ban taɓa bin hanyarsa ta magana ba, ranar na bi.

Na ce, "Ke kyanwa, zumar nan kashe ki take yi." Na ƙara da cewa, "Kuma kiyashin nan ba ke kaɗai suke bi ba a gidan nan."

Na ce a raina shi ke nan, yau za a kore ni in kwana a Tirmini. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, yana shafa kanta.

"Ki gaya mata ni ma ina da ido. Tun kafin ta gani na gani." Ya yi ajiyar zuciya. "Cewa na yi in zumar ta tashe ki, ni ma za ta tashe ni. Ki gaya mata tsoron wuƙar lokotoro nake ji."

Na toshe baki da gefen zane don kada ya ji kukana. Duk kwanakin nan mu biyu muna cikin tsoro ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Da safe ya sa babbar riga, ya aika aka kira ɗan abokin nasa, suka tafi likita. Yatsan dai sai da aka cire shi, allura kuma ta zama abin kullum, amma ya rayu har ya ga an sauke tutar Faransa. Kyanwar ba ta kai Juma'ar nan ba. Tun kafin a kwantar da shi don aikin ƙafar, shi da kansa ya haƙa mata rami a gindin lemun tsami, yana ɗingishi, ya hana kowa taya shi.

Da ya gama ya tsaya a tsakar gida, ya kakkaɓe hannu. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi gefen ƙafarsa inda take zama, babu kowa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo wajena, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Ya ce, "Ƴata, ki dafa mini irin naman da kike dafa mata."